Me ya kashe kasuwar 'yan dambe a wasan hoki na Amurka da Kanada?

A gasar NHL, wadda ita ce ƙololuwar wasan hoki na kan ƙanƙara, an daɗe ana biyan wasu 'yan wasa albashi domin naushi kawai. Aikin irin wannan mutum shi ne dogarin ƙungiya: duk wanda ya taɓa gwaninsu, shi zai cire safar hannu ya dambace shi, alƙalin wasa ya kori su biyun na minti biyar, su dawo. Dave Semenko ya yi wa Wayne Gretzky wannan gadi a Edmonton, kuma da aka sayar da Gretzky ga Los Angeles a 1988, sai da aka haɗa masa da Marty McSorley. Har Rumun Ndur, haifaffen Zariya da ya tashi a Kanada ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta, an fi saninsa da ƙarfi da dambe. A ƙarshen shekarun 1980 ana samun dambe fiye da ɗaya a kowane wasa. Zuwa kakar 2018-19 da ƙyar ake ganin ɗaya cikin wasanni biyar. Sana'ar ta kusan mutuwa, kuma a ganina kuɗi ne suka kashe ta, tausayi daga baya ya biyo.

Galibi ana danganta sauyin da shekarar 2011. A watan Mayu Derek Boogaard ya rasu yana ɗan shekara 28 bayan ya haɗa giya da ƙwayar rage zafin ciwo. A watan Agusta Rick Rypien da Wade Belak suka bi shi. Dukansu dambe ne abincinsu. Masana a Jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalwar Boogaard suka tarar da cutar CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa da ake alaƙantawa da yawan duka a kai, kamar yadda suka gani a ta Bob Probert da ya rasu a 2010. Tarihin Boogaard kaɗai ya isa bayani: wasa 277 ya buga a NHL, sau uku kacal ya jefa a raga, amma ya sha korar minti 589, kuma a 2010 Rangers ta ba shi kwantiragin shekara huɗu kan dala miliyan 6.5. Babu mai musun cewa waɗannan mace-mace sun girgiza jama'a.

Sai dai an fara haƙa wa sana'ar kabari tun 2005. Bayan rikicin albashi da ya cinye kakar 2004-05 ɗungurungum, an sa iyaka ga abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan 'yan wasa, dala miliyan 39 a shekarar farko. A lokaci guda aka tsaurara hukunci kan riƙo da maƙale mutum da sanda, aka kuma halatta doguwar miƙa da a da haramun ce, wasan ya ƙara sauri ƙwarai. Koci yana da 'yan wasa 18 ne ban da masu tsaron gida biyu. Idan ya ba da gurbi ga wanda ba zai buga fiye da 'yan mintoci ba, kuma ba ya iya bin masu gudu, sauran ne za su ɗauki nauyinsa. Da ƙungiyoyi suka fara auna komai da alƙaluma, sai ta bayyana ƙarara cewa dogarin asara yake jawowa. Detroit ta ci kofin gasar, wato kofin Stanley, a 2008 tana cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarancin dambe, kuma masu ƙungiyoyi ba sa buƙatar a maimaita musu irin wannan darasi. Dokokin da suka zo daga baya, kamar hana cire hular kwano kafin faɗa a 2013, sun tarar da kasuwar ta riga ta fara watsewa.

Masu kare al'adar suna da hujjar da bai kamata a raina ba. Suna cewa tsoron dogari ne ke hana mugu karya gwani da sanda ko gwiwar hannu, domin alƙali ba ya ganin komai a irin wannan gudu. 'Yan wasa da yawa sun yarda da haka, kuma su ne ke cikin fili. Amma hujjar tana da ramuka. A gasar Olamfik da wasannin jami'o'in Amurka duk wanda ya yi dambe korarsa ake daga wasan, kuma ba a ga an gama da gwanaye ba. Su kansu ƙungiyoyin NHL, idan aka shiga zagayen neman kofi inda kuskure ke da tsada, ajiye dogaran suke yi a benci. Sannan ramuwar gayya tana da nata ɓarnar: a 2004 Todd Bertuzzi ya naushi Steve Moore ta baya don rama wa kyaftin ɗinsa, ƙasusuwan wuyan Moore suka karye, bai sake buga wasa ba.

Abin da ya sa asalin dalilin ke da muhimmanci shi ne, abin da lissafi ya kawar, lissafi na iya dawo da shi. Har yau minti biyar ne hukuncin dambe a NHL, kuma kwamishinan gasar, Gary Bettman, ya sha cewa ba a tabbatar da alaƙa tsakanin buguwar kai da CTE ba. Ƙarar da tsoffin 'yan wasa sama da 300 suka shigar kan gasar saboda buguwar kai ta ƙare a 2018 da sulhun kusan dala miliyan 19, kimanin dala 22,000 ga kowane mutum, ba tare da gasar ta amsa laifi ba. Ga wanda ya bar wasa da ciwon kai da mantuwa, wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba. A Fabrairun 2025, da Amurka da Kanada suka haɗu a Montreal, an yi dambe uku cikin daƙiƙa tara na farko, 'yan kallo suna shewa. Yanzu gwanayen da kansu ne ke faɗan da a da ake ɗaukar wani ya yi musu.

Inda aka yi abin a zo a gani shi ne gasannin matasa, inda dogarai ke koyon sana'ar tun suna 'yan shekara 16. Gasar Ontario ta fara dakatar da wanda ya wuce dambe goma a kaka a 2012, ta rage zuwa uku a 2016, ta Quebec kuwa ta haramta shi a 2023. Ya rage ga NHL ta mayar da hukuncin ya zama kora daga wasa, kuma ikon yin haka yana hannun masu ƙungiyoyi 32 da ƙungiyar 'yan wasan.