Gidan Tubali da Ruwan Sama

Jama'ar Tsamaye, damina ta wuce, kaka ta shigo. Mun yanke gero, mun kai rumbu. To, yanzu sai mu juya mu dubi gidajenmu.

Da yawa cikinmu muna zaune a gidajen da kakanninmu suka gina da tubali da azara. Gidan ƙasa yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu. Babban abokin gabansa shi ne ruwa. Tsufa kaɗai ba ya ka da gida.

Ku tuna da Alkalawa, babban birnin Gobir na da, nan kusa da mu a ƙasar Sabon Birni. An ci shi da yaƙi a 1808, mutane suka watse. Da aka rasa masu yaɓe, sai damina ta yi ta cin ginin har ya zama kufai. Amma hasumiyar Gobarau ta Katsina, ita ma ta ƙasa ce, ta yi ɗaruruwan shekaru, tana nan tsaye domin ana gyaranta.

Ruwa yana kama gida ta wuri uku: ta kai, ta jiki, ta gindi.

Na farko, kai. Mu hau bisa soro mu duba. Mu share ganye da ciyawa, mu buɗe indararo. In indararo ya toshe, ruwa zai kwanta a rufi, ya jiƙa azara, ta ruɓe, gara kuma ta samu abinci. Indararo ya zama dogo, don ya zubar da ruwa nesa da bango. Inda ɗaki ya yi yoyo da damina, tabonsa yana nan a rufi. Mu yi masa alama da gawayi tun bai ɓace ba.

Na biyu, jiki. Ruwa da iska suna goge yaɓe, musamman a bangon gabas, inda hadari ya fi tasowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwa ma. Mu kankare bakin tsagar, mu yayyafa ruwa, mu cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa. Bayan ta bushe, a shafe da makuba. Makuba ɓawon ɗorawa ce. Ana jiƙa ta, a kwaɓa ƙasa da ruwanta, ruwan sama ba ya saurin cin wannan yaɓe. Ɗorawa da bazara take nuna, saboda haka mu riƙa adana ɓawonta.

Kada mu shafe bangon ƙasa da siminti. Siminti ba ya riƙe ƙasa sosai. Yana tsagewa, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya lalace.

Na uku, gindi. Wannan ya fi hatsari. Ƙasa tana shan danshi kamar yadda tsumma yake shan ruwa. In gindi ya zaizaye, bango yana iya faɗa wa mutane cikin dare suna barci. Mu da ke kwarin Rima mun san ɓarnar ruwa. Ambaliyar 2010 ta rushe gidaje masu yawa a Jihar Sakkwato. Mu yi dakali a gindin bango, mu haƙa wa ruwa hanya ya fice daga gida. Kada a ɗaure awaki ko a ajiye randa a jikin bango.

Me ya sa muka ce da kaka? Domin akwai sauran ruwa a kududdufi na kwaɓa ƙasa, aikin gona ya yi sauƙi, kuma ga rani gaba, gyara zai bushe sarai. In bango ya karkata, a fid da yara daga ɗakin, a kira magini tun yau.

Tambayoyi

1. Ta wurare nawa ruwa yake kama gida?
2. Da me ake yin makuba?
3. Wane gyara gidanka yake bukata bana? Rubuta shi.