Wanda ke bayan ƙyallen ninja: Yadda aka shirya fim ɗin Enter the Ninja

A shekarar 1981 ne kamfanin shirya fina-finai na Cannon da ke Amurka ya fitar da fim ɗin Enter the Ninja, wanda ya buɗe ƙofa ga jerin fina-finan ninja da suka cika gidajen sinima da shagunan hayar kaset a shekarun 1980. Sai dai abin da yawancin masu kallo ba su sani ba shi ne, mutumin da suke yabawa da iya faɗa a fim ɗin ba shi ne yake yin akasarin faɗan ba.

Asalin labarin dai na Mike Stone ne, wani zakaran wasan karate haifaffen tsibiran Hawayi, kuma shi aka fara ɗauka a matsayin jarumin fim ɗin. Bayan an soma aiki a ƙasar Filifins, sai shugaban kamfanin, Menahem Golan, ɗan asalin Isra'ila, ya karɓe aikin darakta daga hannun Emmett Alston, sa'annan ya maye gurbin Stone da Franco Nero, ɗan wasan Italiya da ya yi suna tun a fim ɗin Django na 1966.

Nero yana da suna da farin jini, amma bai san fasahar faɗan ba. A nan ne kayan ninja suka yi wa kamfanin rana. Da yake ninja yana rufe fuskarsa baki ɗaya, idanu kawai ake gani, sai aka bar Stone a matsayin mai tsara faɗa, kuma shi ne ke sanya fararen kayan jarumin a wuraren tsalle da sara da takobi. Idan an zo nuna fuska kuma, sai a dawo da Nero gaban kyamara. Hatta muryar da ake ji ba ta Nero ba ce, domin an ɗora muryar wani a kan tasa, saboda jarumin labarin Ba'amurke ne, shi kuwa Turancinsa da karin harshen Italiya yake fita.

Wanda ya fi cin ribar wannan aiki shi ne Sho Kosugi, ɗan ƙasar Japan, gwanin karate da aka haifa a 1948. An ɗauke shi ne da farko cikin masu wasannin haɗari, amma ganin ƙwarewarsa ya sa aka ba shi matsayin babban abokin gabar jarumin, wato ninja mai baƙaƙen kaya. Daga nan ya zama jarumi a Revenge of the Ninja na 1983, wanda Sam Firstenberg ya ba da umarni a birnin Salt Lake na jihar Utah, kana ya sake fitowa a Ninja III a 1984.

Kamfanin ya sake bin irin wannan hanya a 1985, lokacin da ya koma Filifins domin ɗaukar American Ninja. Michael Dudikoff da aka bai wa jagorancin fim ɗin bai taɓa koyon faɗa ba kafin lokacin, kuma Mike Stone ne aka sake ɗora wa alhakin tsara faɗace-faɗacen.

Wannan tarihi ya taɓo wani ƙorafi da aka daɗe ana yi a masana'antar fim: waɗanda ke jefa rayuwarsu cikin haɗari daban, waɗanda hotunansu ke kan fasta kuma daban. Kamfanin Cannon ya durƙushe a 1994, Golan kuma ya rasu a 2014, amma batun bai mutu ba. Sai a watan Afrilun 2025 ne hukumar da ke ba da lambar yabo ta Oscar ta sanar da ware rukuni na musamman ga masu tsara wasannin haɗari, inda ta ce za a fara bayarwa a bikin karo na 100, a shekarar 2028.