Ire-iren Ƙarfi a Ilimin Fiziks: Darasi Daga Bakin Rijiya

Kalmar "ƙarfi" tana da faɗi a bakin Bahaushe. Akwai ƙarfin jiki, ƙarfin hali, har da ƙarfin mulki. To amma a ilimin fiziks ma'anarta taƙaitacciya ce: turi ko ja, wanda kan sa abu ya motsa, ya tsaya, ko ya sauya hanya ko siffa. Mai fassarar da bai lura ba sai ya cakuɗa shi da kuzari, alhali masana sun bambanta su. Ana auna ƙarfi da "niyuton", ma'aunin da ya samo suna daga Isaac Newton, mutumin Ingila da ya wallafa dokokin motsi a 1687.

Masana sun kasa ƙarfi gida biyu: wanda sai an taɓa abu yake aiki, da wanda ke aiki daga nesa. Mu ɗauki guga a rijiya.

Guga mai kilo 10, ƙasa na jansa da niyuton kusan 98, domin kowane kilo yana samun 9.8. Wannan shi ne jan ƙasa, kuma ba ya buƙatar taɓawa. Igiya kuwa tana jan gugan sama saboda ɗamewar da ta yi. Idan mai ɗiban ruwa ya dakata ya huta, guga na rataye, ba wai ƙarfi ya ƙare ba ne. Biyun ne suka yi kunnen doki. Nan ɗalibai da dama ke tuntuɓe.

Akwai kuma gogayya tsakanin tafin hannu da igiya. Duk wanda ya taɓa jan ruwa da sabulu a hannu ya san darajarta. Ita ce kuma ke cin itacen bakin rijiya har ya yi gurbi. Sannan ga abin da kowa ya sani amma bai cika tambaya ba: me ya sa guga ba ya nauyi sai ya baro ruwa? Ruwan ne ke tura shi sama, daidai da nauyin ruwan da ya ture, kamar yadda Arkimidis na Girka ya bayyana. Da an dire shi, daɓe ya tokare shi daga ƙasa.

Maganaɗisu da lantarki su ma daga nesa suke aiki, kamar biron roba da aka goga a gashi yana ɗaukar guntun takarda.

Kalmar "nauyi" ita ma tana da tarko. A fiziks nauyi ƙarfi ne, ba yawan abin da ke jikin abu ba. A duniyar wata, gugan nan yana nan da kilo 10 ɗinsa, amma nauyinsa zai ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin shida.