Maganin Wanke Inji da Sinadaran da Ake Zuba wa Babur

Sinadaran ƙari ruwaye ne da ake sayarwa a ƙananan kwalabe da gwangwanaye. Wasu a tankin fetur ake zuba su, wasu a cikin baƙin mai, wasu kuma fesa su ake yi a jikin kafireta. Masu haɗa su kan rubuta cewa suna wanke inji, suna ƙara masa ƙarfi, suna rage shan mai. A wajen masu babur sunansu magani kawai, ba a cika bambance wannan da wancan ba, alhali kuwa aikinsu ya sha bamban, kuma abin da wani zai gyara wani ɓata shi zai yi.

A masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, babur shi ne ƙafar talaka. Shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke ɗauko buhun riɗi da gero daga ƙauye, shi ke kai akuya kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Yawancin baburan da ke wannan aiki, irin su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng, ƙananan injuna ne masu bugu huɗu, iska ce ke sanyaya su, kuma da kafireta suke haɗa mai da iska. Abubuwa biyu game da su ya kamata a riƙe tun daga farko: tankinsu ƙarami ne, lita goma ne ko kusa da haka, sannan baƙin mai guda ne ke hidimar inji da giya da kuloci gaba ɗaya. Yawancin kwalaben da ke kasuwa kuwa don mota aka yi su, wadda ba haka take ba ta kowace fuska.

Zuba wa fetur sinadari ba sabon abu ba ne. A 1921 masu bincike na kamfanin General Motors a Amurka suka gano cewa wani haɗi na dalma yana hana inji ƙwanƙwasa, aka yi shekaru da dama ana zuba shi a fetur kafin a yarda cewa guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Sai a 2021 aka daina sayar da fetur mai dalma ga motoci a duniya baki ɗaya, Aljeriya ce ta ƙarshe. Tun daga 1995 kuma dokar Amurka ta wajabta sa sinadarin wanki a duk fetur ɗin da ake sayarwa can. Ke nan sinadarin wanki abu ne na gaskiya da masana'antar mai ta amince da shi. Tambayar ita ce wane irin datti yake iya wankewa.

Dattin da ke damun injin babur iri biyu ne. Na farko daga jikin man yake fitowa. Idan fetur ya daɗe a ajiye, musamman a zafin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40 a arewacin Jigawa, sassansa marasa nauyi sai su tashi su bi iska, ragowar ta haɗu da iskar ta zama danƙo mai ruwan ƙasa-ƙasa, mai warin tsohon fenti. Wannan danƙo ke toshe ƙananan ƙofofin kafireta. Haka kuma ƙonewar mai tana barin baƙin gawayi a kan fistin da bayan bawul da bakin fulogi. Danƙo da gawayi duk suna jin magani, ko da a hankali ne.

Na biyun daga waje yake shigowa: yashi da ƙura da tsatsar tanki da ruwa. A wannan yanki shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙasar rairayi ce, hanyoyin ƙauyuka burji ne ko turɓaya, ga hazo da ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Babur ɗin da ke tafe da yagaggen soson iska, ko wanda aka cire sosonsa ɗungurungum wai don ya ƙara gudu, yana haɗiyar ƙura a kowane bugu. Ƙurar nan tana goge bangon silinda da zoben fistin har inji ya fara hayaƙi da shan baƙin mai. Babu wani ruwa a kwalba da ke narkar da yashi, kuma babu wanda ke mayar da ƙarfen da ya cinye. Da yawa daga cikin masu cewa sun zuba magani bai yi aiki ba, ciwon babur ɗinsu ba na magani ba ne tun farko.

Inda ake samun man ma yana da nasa rabon. Ƙauyuka da yawa ba su da gidan mai, sai 'yan bumburutu masu sayarwa a galan da kwalba. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, garuruwa irin su Maigatari suka ƙara dogara da jarka. Man da ya bi ta durom da jarka da mazurari yana kwasar ƙura da raɓa da guntun roba a hanya, ko da mai sayarwar bai yi algus ba. Man gidan mai ma ba kullum yake tsira ba: a farkon 2022 an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, ya lalata motoci, aka janye shi, ƙasa ta shiga ƙarancin mai na makonni. Sannan tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga kusan naira 200 zuwa sama da 500, a 2024 ta haura 1,000. Ɗan acaɓa ya koma sayen lita ɗaya ko biyu, kullum tanki a kusa da ƙasa, kullum a rizab. Rizab kuwa daga gindin tanki yake zuƙo mai, inda ruwa da tsatsa suke kwance. Tankin da yake rabi wofi shi ya fi tara raɓa a daren sanyi.

Maganin wanki na zubawa a tanki shi ne ya fi sauran dalili. Masu kyau a cikinsu suna ɗauke da sinadarin da ake taƙaita sunansa da PEA, wanda ke jure zafin ɗakin ƙonewa ya saɓule gawayi sannu a hankali. Masu araha da yawa ba su wuce kananzir da giyar masana'antu da launi ba. Ko mai kyan ma ba ya aiki nan take, sai an ƙone tanki guda ko biyu, kuma sai man yana iya wucewa ta ƙofar da ake son wankewa. Ƙofar da ta toshe gaba ɗaya magani ba ya isa gare ta.

Babban kuskure a nan shi ne awo. A ɗauka kwalba ce mai mililita 300, an rubuta a jikinta cewa ta lita 60 ce, wato tankin mota. Rabon kowace lita mililita 5 ke nan. Cikakken tankin babur mai lita goma mililita 50 yake buƙata, kashi ɗaya cikin shida na kwalbar. Wanda ya juye ta duka a kan lita biyun da ya saya ya ninka awon sau talatin. Abin da ke biyo baya shi ne wahalar tashi da hayaƙi da jiƙaƙƙen fulogi, tiyon mai da robobin kafireta su yi laushi ko su kumbura, wani ɓangaren sinadarin kuma ya zurara ta gefen fistin ya tsinka baƙin mai. Sirinji mara allura ya isa a auna. An fi so a zuba a cikakken tanki, gab da lokacin juye, domin dattin da ya gangara cikin baƙin mai ya fita tare da shi.

Na fesawa dabam yake, kuma shi ne kayan aikin bakanike na gaskiya. Sinadarai ne masu kaifi, dangin tina, da ke narkar da danƙo cikin daƙiƙu. Bakaniken da ya san aikinsa yakan kashe makunnin mai, ya kwance kafireta, ya cire kwanon ƙasa. A nan ake ganin gaskiyar lamari: jan garin tsatsa, ko ƙwayoyin yashi, ko ɗigon ruwa yana yawo a ƙarƙashin fetur. Sai ya kwance jet ɗin silo da babban jet, ya ajiye robobi gefe domin feshin yana cin su, ya fesa, ya hura iska, ya ɗaga jet ɗin sama ya duba ko haske yana wucewa ta ƙofar a zagaye. Abin da bai kamata ba shi ne zura waya ko allura a ciki. Jet tagulla ce mai laushi, da zarar ƙofar ta faɗaɗa babur zai riƙa shan mai har ranar da aka sauya ta. Ba a zuba na fesawa a tanki, ba a barinsa ya taɓa fenti, kuma yana kama wuta da sauri, don haka ba a amfani da shi a kan inji mai zafi ko kusa da mai shan sigari ko mai walda.

Akwai kuma maganin ruwa, wanda giyar masana'antu ce da ke haɗe ɗan ruwa da fetur su ƙone tare. Yana iya ɗauke 'yar raɓa. Idan ruwan ya kai har babur yana tari yana mutuwa, kwance ƙusar da ke gindin kwanon kafireta a tsiyaye shi, a kuma juye tanki a wanke, ya fi sauri kuma bai kai kuɗin kwalbar ba.

Maganin ƙara oktan shi ne wanda aka fi yi wa mummunar fahimta. Oktan ma'auni ne na yadda fetur ke jure matsi kada ya kama da kansa kafin fulogi ya ba shi wuta, ba ma'aunin ƙarfi ba ne. Ƙananan baburan aiki ba su da matsi mai yawa, an ƙera su ne don fetur na yau da kullum, saboda haka ƙarin oktan ba ya ƙara musu gudu ko ja. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna ɗauke da manganis ko ƙarfe, suna barin jan shafi a bakin fulogi da ke rage masa kwana. Tsohuwar dabarar jefa ƙwayar kafur ta cikin kaya a tanki ita ma ba ta da riba, domin ragowarta tana iya toshe mataci da jet. Game da alkawarin rage shan mai kuwa, hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada kayayyaki sama da 100 da aka ce suna tsimin fetur, ba ta sami wanda ya kawo sauyi na a zo a gani ba. Iyakar abin da maganin wanki zai yi shi ne ya mayar da inji mai datti yadda yake a da. Iskar taya daidai da sarƙa mai maiƙo da tsabtataccen soso sun fi shi tasiri a aljihun ɗan acaɓa.

Haɗari mafi tsada yana wajen abin da ake zubawa a baƙin mai. Farantan kulocin babur a cikin mai suke, kuma da kamun juna suke aiki. Magungunan rage gogayya na mota, masu ɗauke da molibdenum ko garin Teflon, an yi su ne don su ƙara santsi. Idan suka shiga babur sai kuloci ya fara zamewa: a murɗa totur inji ya yi ƙara, babur bai tafi ba, musamman da kaya a cikin rairayi. Saboda wannan matsala ne Japan ta fito da ma'aunin JASO na man babur a 1998, inda alamar MA ko MA2 a jikin galan ke nuna man ya dace da irin wannan kuloci, MB kuma bai dace ba. Su kansu magungunan ba su da tarihi mai kyau. A 1997 masu maganin Slick 50 sun sasanta da hukumar kasuwanci ta Amurka kan tallace-tallacen da suka kasa kafa wa hujja. Mai kauri kamar zuma da ake zuba wa tsohon inji don ya daina hayaƙi yana rufe alamar ne kawai, zoben da ya cinye yana nan yadda yake, kuma da sanyin asuba man yakan yi jinkirin hawa kan inji.

Wanke cikin inji da kananzir ko gas, a tayar da shi na 'yan mintuna a zubar, ya zama ruwan dare a garejoji. A wannan 'yan mintunan inji yana juyawa ne kusan ba maiƙo, dattin da ya ɓamɓaro yana iya toshe rariyar mai, ragowar kananzir ɗin kuma ta tsinka sabon man. Juye biyu a kusa da juna, da wanke rariyar, sun fi aminci.

Inji mai bugu biyu, irin na tsofaffin Suzuki da Yamaha, shi kaɗai ne haɗa masa mai da fetur ya zama dole, domin da shi yake samun maiƙo. Wasu suna da ƙaramin tanki da famfon da ke yin haɗin da kansa. Inda aka kashe famfon, da hannu ake haɗawa. Awon ɗaya cikin hamsin yana nufin mililita 20 a kowace lita, ɗaya cikin ashirin da biyar kuma mililita 40, kuma man 2T ake amfani da shi. Zuba irin wannan mai a tankin Boxer ba ya ƙara komai sai gawayi a fulogi da salansa.

Sauran nau'in shi ne maganin ajiya, mai jinkirta lalacewar fetur na wasu watanni. Yana da amfani ga ɗan ci-rani da zai jingine babur bayan kaka ya tafi Kano ko kudu sai damina, haka ma janareta da injin ban ruwa. Ana zuba shi ne a sabon mai, a bar inji ya yi aiki kaɗan ya kai kafireta. Man da ya riga ya tsufa ba ya gyaruwa. Inda ba a same shi ba, a kashe makunnin mai a bar inji ya shanye na kafireta har ya mutu da kansa, a tsiyaye kwanon, a ajiye babur a inuwa, idan an dawo a juye tsohon man a zuba sabo kafin a buga kik.