Tutar Wa Ake Ɗagawa a Agege?

A Zangon Agege mutumin Kano da mutumin Maraɗi sahu ɗaya suke bi a masallaci, teburin mai shayi ɗaya suke zama, in ba ka ji "kwana lahiya" ba da wuya ka rabe su. Ranar da ƙasa ke buga ƙwallo ne ake sanin kowa da tutarsa. A gasar CHAN ta 2016 a Ruwanda, Najeriya ta ci Nijar 4 da 1. Duk gidan kallon da ya tara mutanen nan biyu, wasu na tsalle ne, wasu na jan hula.

Ita tutar Najeriya kore-fari-koren, Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta a 1959 yana ɗalibi a Landan. Ya sa mata jar rana a tsakiya, alƙalan gasar zana tutar suka cire. Nijar kuwa ta bar tata ranar, ruwan goro a kan fari. An fara ɗaga ta Najeriya a nan Legas ranar 1 ga Oktoban 1960, amma a ganina filin wasa ne ya shigar da ita zuciyar talaka. A 1980 a Surulere, Najeriya ta doke Aljeriya 3 da nema, Shugaban Ƙasa Shehu Shagari ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin Afirka. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, da Tijjani Babangida da Garba Lawal a tawaga, aka kwaso zinare daga hannun Ajantina.

Sai dai a gasar duniya tuta ba ta tambayar inda aka yanke wa mutum cibiya, takarda take bi. Francis Obikwelu haifaffen Onica ne, amma da ya ci azurfar gudun mita 100 a gasar Olamfik ta Atan a 2004, tutar Fotugal aka ɗaga. Salwa Eid Naser, ita ma 'yar Anambara, Bahrain ta ciyo wa zinaren duniya a Doha a 2019. Masu kiran su maciya amana su fara tambayar wa ya ba su abinci, likita da filin atisaye lokacin da ba a san su ba.

Ana kuma iya ƙwace tutar. Saboda badaƙalar ƙwayoyin ƙara kuzari, 'yan wasan Rasha sun shiga gasar Olamfik ta Tokyo ba tutar ƙasarsu, ba taken ƙasa. Sun ci zinare 20, ko sau ɗaya ba a ɗaga musu ita ba.