Idan Haɓa Ta Koma Baya: Wane Abin Gyara Ya Fi?

'Yan uwa ɗalibai, a kusan kowane aji akwai yaron da haƙoransa na sama suka turo gaba, haɓarsa ta noƙe, leɓensa ba ya rufuwa sosai. Wasu kan tsokane shi, alhali ba laifinsa ba ne. Sau da yawa muƙamuƙinsa na ƙasa ne bai girma daidai da na sama ba. Galibi gado ne, tsotson yatsa na shekaru kuma yana ƙara turo haƙoran. Irin waɗannan haƙora sun fi saurin karyewa idan an faɗi ko an yi karo a filin ƙwallo.

Likitocin haƙori suna da abubuwa biyu da suka shahara wajen gyaran wannan matsala.

Na farko shi ne Twin Block, wanda William Clark na ƙasar Sikotilan ya ƙirƙiro a 1977. Roba ce mai tauri gida biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Idan yaro ya rufe baki, sai su tilasta wa muƙamuƙin ƙasa matsowa gaba. Ana cire shi a wanke, don haka goge haƙora ba ya wahala. Amma sai an sa shi kusan dare da rana, na wata 9 zuwa 12. Wanda ya ji kunyar abokai ya jefa shi a aljihu, ya yi asarar kuɗin iyayensa.

Na biyu shi ne Herbst, wanda Bajamushe Emil Herbst ya gabatar a 1909. 'Yan sandunan ƙarfe ne da ake maƙalawa a turamen haƙora. Yaro ba zai iya cire shi ba, saboda haka babu maganar mantuwa. Sai dai tsaftace shi da wuya, yakan goge cikin kunci a farko, kuma idan ya karye dole a koma wurin likita. Ga mutumin Gangara, kowace komawa tafiya ce mai nisa da kuɗin mota.

To, wanne ya fi? Duka biyun suna aiki, kuma yawancin gyaran a matsayin haƙora yake, ƙarin girman ƙashi kaɗan ne. Yaro mai kula da kansa Twin Block ya ishe shi. Mai mantuwa Herbst ya fi masa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokaci. Sun fi tasiri sa'ad da jiki ke saurin girma, wajen shekara 10 zuwa 14, wato shekarun ƙaramar sakandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan girma ya tsaya, matsala mai tsanani takan buƙaci tiyata.

Malamanmu, ku taimaka ku ankarar da iyaye. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Malam Aminu Kano a Kano, inda za a duba yaro a ba da shawara. Kada a bar wanda ba likita ba ya ɗaura wa yaro waya a baki. Mu kuma ɗalibai, mu daina tsokana.