Bori, Laya da Sassaƙe: Ba Duka Ne Abu Ɗaya Ba

Tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi ƙauyukan Kebbe da kewayen Tambuwal, kasuwar masu ba da maganin bindiga da na ƙarfe ta buɗe. Har cikin masu bi akwai mai zuwa sujada da guru a ƙugu. Wasu kuma ko sassaƙen itace suka gani sai su ce tsafi ne. Ya kamata mu rarrabe.

Bori ya girmi jihadin Shehu Usmanu na 1804. 'Yan bori kan kira iskoki da kiɗan goge ko garaya har iska ya hau mutum, shi ya sa ake ce wa wanda aka hau doki ko goɗiya. Kowane iska da sunansa da halinsa: Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Inna, Kuturu. Mai ciwo akan yi masa girka, a yanka dabba mai launin da iskan yake so. Girka kuwa ba raba mutum da iska take yi ba, sulhu ce, domin su zauna tare har mutuwa. Jihadi ya fitar da bori daga fada, amma ya ɓuya cikin gidaje, galibi a hannun mata. Ba mu kaɗai ba ne. Hausawan da aka kai bauta ta hamada sun tafi da shi har Tunis da Tarabulus, a Sudan da Habasha kuma akwai makamancinsa da ake kira zar.

Laya dabam take. Rubutu ne ko haɗin saiwa da gashin dabba, a naɗe, baduku ya ɗinke da fata. Akwai kambu na damtse, layar zana don ɓacewa, sagau don sandarar da hannun mai kai sara. Mu lura da wayon da ke ciki: ba a ba da ita sai da sharaɗi, kada ka ci abu kaza, kada mace ta tsallake ta. Ranar da harsashi ya shiga, sai a ce marigayin ne ya karya doka. Boka ba ya taɓa yin asara.

Ganyen sabara ko dogon yaro da kaka take dafawa ba ya cikin wannan lissafi. Annabi Ishaya ma ɓaure ya sa aka ɗora wa Sarki Hezekiya a kan maruru (2 Sarakuna 20:7). Tambayar ita ce, sunan wa aka kira a kan maganin, an zubar da jini, an kuma ɗaure ka da wani alkawari? In haka ne, Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta riga ta hana mu.

Wanda ke da irin wannan a ɗaki, ya kawo wa fasto da dattawan ikkilisiya a asirce, ba za a tona shi a gaban jama'a ba. Masu bi na Afisa ƙone nasu suka yi, ko da yake kuɗin littattafan ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19).